Mary Pickford: Jarumar da Ta Sayi 'Yancinta, 'Yan Kallo Suka Hana Ta Girma

A watan Yunin 1928, wata mace 'yar shekara 36 ta shiga shagon gyaran gashi a birnin New York, ta sa aka datse mata gashin kanta. Labarin ya fito a shafin farko na jaridu, har da New York Times. Wasiƙun fushi suka yi ta kwarara daga masoyanta, kamar ta taɓa wani abu da yake mallakinsu. Ta wata fuskar kuwa hakan ne. Kusan shekara ashirin ke nan wannan gashi mai ruwan zinare, wanda ya nannaɗe ya zubo bisa kafaɗu, yana zaman tambarin Mary Pickford, macen da ta fi kowace mace suna a duniyar fim a zamanin da fim bai fara magana ba.

Waɗanda suka san ta a yau sun fi tuna ta a matsayin 'yar yarinya mai fara'a da ke fitowa a fina-finan marayu. Amma wannan rabin labarin ne kawai. Ita ce jaruma ta farko da ta tilasta wa masu kamfanonin fim amsa wata tambaya da har yau ake jayayya a kanta a duk inda ake sana'ar nishaɗi: idan jama'a sun biya kuɗi don su kalli wata fuska, wa ya kamata ya ci moriyar kuɗin, mai fuskar ko mai kamfani?

Marainiya a kan dandamali

An haife ta a birnin Toronto na ƙasar Kanada ranar 8 ga Afrilu, 1892, kuma sunanta na yanka Gladys Louise Smith. Mahaifinta ya rasu a 1898, ya bar matarsa Charlotte da 'ya'ya uku: Gladys, Lottie da Jack. Charlotte ta kama ɗinki, tana kuma ba da hayar ɗakuna a gidanta don a samu na abinci. A 1900, Gladys tana shekara bakwai, ta fara fitowa a wasan kwaikwayo a wani gidan wasa na Toronto. Ba sha'awar sana'ar ce ta kai ta ba, talauci ne.

Shekarun da suka biyo baya, iyalin sun yi su ne a cikin jiragen ƙasa da ƙananan masaukai, suna bin ayarin 'yan wasa gari-gari a Amurka. Zaman ajin makaranta da ta yi bai taka kara ya karya ba. Abin da ta koya a madadinsa shi ne lissafin kowane senti, da sanin cewa ita ce mai ciyar da gida. Wannan tsoron komawa cikin rashi bai taɓa barin ta ba, ko bayan ta zama miloniya, kuma shi ne mabuɗin fahimtar yadda ta riƙa ciniki daga baya.

A 1907 ta samu shiga wani wasa na David Belasco, babban mai shirya wasanni a unguwar Broadway ta New York. Shi ne ya ga sunan Gladys Smith ba zai sayu ba, aka sauya mata zuwa Mary Pickford. Da wasan ya ƙare, aiki ya yanke, sai ta nufi inda 'yan wasan dandamali ke jin kunyar a gan su, wato kamfanin fim.

Sana'ar da ba ta ambaton suna

Fim na 1909 abu ne da manyan mutane ke rainawa. Naɗi ɗaya ne, mai tsawon minti goma zuwa goma sha biyar, ana haska shi a ƙananan ɗakuna inda kuɗin shiga senti biyar ne, yawancin 'yan kallo kuwa leburori ne da baƙin da suka yi ƙaura zuwa Amurka. A watan Afrilun wannan shekara Pickford ta je kamfanin Biograph, ta haɗu da darakta D. W. Griffith. Kuɗin da aka saba biyan 'yan wasa dala 5 ne a yini. Ita, tana shekara goma sha bakwai, ta samu dala 10 a yini, tare da lamunin dala 40 a mako. Kafin shekarar ta ƙare ta fito a fina-finai 51, kusan ɗaya a kowane mako: yau baiwa, gobe uwa, jibi 'yar ƙauye.

Biograph ba ya rubuta sunayen 'yan wasansa a jikin fim ko a talla. Hikimar a fili take: wanda jama'a ba su san sunansa ba, ba shi da bakin neman ƙari. Sai dai 'yan kallo sun riga sun gane fuskar, suna kiran ta yarinya mai naɗaɗɗen gashi, masu gidajen silima kuma sun lura cewa ranar da aka haska fim ɗinta ɗaki yakan cika. Pickford ta lura da abin da suka lura. A ƙarshen 1910 ta koma kamfanin Carl Laemmle a kan dala 175 a mako, daga baya ta dawo Biograph saboda ingancin aikinsa, sannan a 1913 ta haɗu da mutumin da zai zama abokin cinikinta kuma abokin hamayyarta, Adolph Zukor na kamfanin Famous Players.

Yadda ake magana ba tare da murya ba

Kafin a shiga batun kuɗi, ya kamata a fahimci abin da take sayarwa. Ɗan wasan dandamali yana wasa ne don na kujerar baya ya gani: hannu a sama, ido a zare, kowane motsi da ƙari. Kyamara kuwa tana matsowa har gaban fuska, duk wani ƙari sai ya zama abin dariya. Pickford na cikin na farko da suka gane haka. Ta rage motsi, ta mayar da aikin ga ido da laɓɓa da yadda ake riƙe kafaɗa. Allunan rubutun da ake sakawa tsakanin hotuna kaɗan ne, saboda haka dole mai kallo ya karanta tunanin jaruma a fuskarta. Makaɗin fiyano da ke zaune gaban allo yana cike sauran.

Wannan rashin murya shi ne ya ba fim ɗin fuka-fuki. Ba ya buƙatar tafinta. Sai a canza allunan rubutu kawai, fim ɗin da aka yi a Kalifoniya ya shiga Faransa, Rasha ko Japan, a yi dariya a wuri ɗaya, a yi kuka a wuri ɗaya.

Fim ɗin Tess of the Storm Country na 1914 shi ya ɗaga ta sama da kowa. A ciki ta fito a matsayin 'yar masunta matalauta, mai tsiwa da taurin kai, wadda ta ɗauki jaririn wata ta jure zargin gari. Wannan ita ce ainihin jarumar da Pickford ta ƙware a kanta: matalauciya mai faɗa, mai jifa da dutse, wadda ba ta jiran a cece ta. A Stella Maris na 1918 ta fito a mutum biyu, kyakkyawar yarinya gurguwa da aka killace daga sharrin duniya, da kuma Unity Blake, mummunar marainiya 'yar aiki da ake azabtarwa. Ta shafe kyanta gaba ɗaya, ta karkace kafaɗa, ta mayar da gashin nan ƙeƙasasshe. Har yau masana fim suna sa wannan wasa cikin mafi kyau na zamanin.

Ba ita kaɗai take aikin ba. Marubuciya Frances Marion, aminiyarta, ta rubuta da yawa daga cikin manyan fina-finanta, Charles Rosher kuma ya daɗe yana riƙe mata kyamara. Pickford ta san haske, ta san yankan fim, ta san kuɗin da aka kashe a kowane yini.

Ciniki da Zukor

Albashinta a wurin Zukor ya fara da dala 500 a mako a 1913. Ya koma 1,000, sannan 2,000. Dalilin da ya sa Zukor ke biya shi ne wata dabara ta kasuwanci: idan mai gidan silima yana son fim ɗin Pickford, sai a ce masa dole ya haɗa da tarin wasu fina-finan kamfanin, masu kyau da marasa kyau, tun kafin ya gan su. Wato sunanta ne ke jan kayan kowa. Pickford da mahaifiyarta Charlotte, wadda ke zama tare da ita a kowane zaman ciniki, suka gane cewa ana sayar da hajar wasu da fuskarta, ba a ba ta ladan dillanci.

A farkon 1916 Charlie Chaplin ya sa hannu da kamfanin Mutual a kan dala 670,000 a shekara. Pickford ta ga babu dalilin da zai sa a biya ta ƙasa da namiji. A watan Yuni na wannan shekara ta samu yarjejeniyar da ba a taɓa ba wata mace ba: dala 10,000 a mako na tsawon shekara biyu, wato dala 1,040,000 a dunƙule, da rabin ribar fina-finanta, da kamfanin shirya fim mai ɗauke da sunanta, da ta-cewa wajen zaɓen labari da darakta. An kuma kafa wani reshe, Artcraft, don a riƙa sayar da fina-finanta daban. Don a gane girman kuɗin, a 1914 ne Henry Ford ya girgiza Amurka da ya fara biyan ma'aikatan masana'antarsa dala 5 a yini. Albashin Pickford na mako ɗaya daidai yake da ladan kwana 2,000 na irin wannan ma'aikaci. Tana shekara 24, a ƙasar da sai a 1920 tsarin mulkinta ya tabbatar wa mata 'yancin zaɓe.

Da yarjejeniyar ta ƙare a 1918, ta koma First National, kamfanin da masu gidajen silima suka kafa don su karya ƙarfin Zukor. Suka ba ta dala 675,000 na fina-finai uku, da rabin riba, da cikakken iko tun daga rubutu har zuwa yanka na ƙarshe.

Lokacin da 'yan wasa suka zama masu gida

A farkon 1919 jita-jita ta bazu cewa manyan kamfanonin suna shirin haɗewa. Idan mai saye ya zama ɗaya, farashin tauraro ya faɗi ke nan. Chaplin ya ba da labari a tarihin rayuwarsa cewa har masu binciken sirri suka ɗauka don su gano abin da ake ƙullawa. Ranar 5 ga Fabrairu, 1919, Pickford, Chaplin, Douglas Fairbanks da D. W. Griffith suka sa hannu a kafa United Artists.

Kamfanin ba na shirya fim ba ne, na rarrabawa ne, kuma a nan hikimar take. Kowannensu zai nemi kuɗi ya yi fim ɗinsa, ya mallaki abinsa, kamfanin ya kai shi gidajen silima ya ɗauki kasonsa. Sun fahimci cewa a wannan sana'a, wanda ya riƙe hanyar kai kaya kasuwa shi ke riƙe da wuyan kowa. Ana danganta wa Richard Rowland, shugaban kamfanin Metro, ba'ar cewa mahaukata sun ƙwace gidan mahaukata.

Tafiyar ba ta zo da sauƙi ba. Mutum huɗu ba za su iya samar da fina-finan da za su ciyar da ofisoshin rarrabawa a faɗin duniya ba, musamman da fina-finai suka ƙara tsawo da tsada. Griffith ya fice a tsakiyar shekarun 1920, aka kawo Joseph Schenck ya riƙe ragama. Duk da haka kamfanin ya rayu, ya zama mafaka ga masu shirya fim masu zaman kansu. Waɗanda suka zauna da su a teburin shawara sun shaida cewa Pickford ce ta fi sauran sanin doka da lissafi. Fim ɗinta na farko a ƙarƙashinsa, Pollyanna na 1920, ya kawo sama da dala miliyan ɗaya.

A wannan shekara ce kuma ta yi kasada mafi girma a rayuwarta. Aurenta na farko da ɗan wasa Owen Moore, wanda aka ɗaura a 1911, ya lalace saboda shaye-shayensa. A watan Maris na 1920 ta samu saki a jihar Nevada, kafin watan ya ƙare ta auri Fairbanks. Ta ji tsoron jama'a za su juya mata baya, hukumomin Nevada ma suka ƙalubalanci sakin har zuwa 1922. Sai aka samu akasin abin da ta zata. Da suka isa Landan, cincirindon jama'a ya kai har sai da Fairbanks ya ɗora ta a kafaɗarsa don kada a tattake ta. A 1926 suka ziyarci Mosko, aka tarbe su kamar sarakuna, har aka gina wani fim na barkwanci a kan ziyarar, mai suna A Kiss from Mary Pickford. Gidansu na Beverly Hills, Pickfair, ya zama fadar Hollywood.

Rigar da ta ƙi cirowa

Duk wannan iko yana tsaye ne a kan abu ɗaya: son da 'yan kallo ke yi wa wata yarinya da babu ita. A The Poor Little Rich Girl na 1917 Pickford, tana shekara 24, ta fito a matsayin yarinyar da ba ta wuce shekara goma sha ɗaya ba. Tsayinta bai fi ƙafa biyar ba sosai, sai aka ƙera manyan kujeru da tebura, aka zaɓo dogayen 'yan wasa, don ta ƙara ƙanƙanta. Fim ɗin ya karɓu ƙwarai, aka bi shi da Rebecca of Sunnybrook Farm da wasu irinsa. Fina-finan da ta yi yarinta tun daga farko har ƙarshe ba su ne mafi yawa a aikinta ba, amma su suka manne a zukatan mutane.

Ta yi ƙoƙarin fita. A 1923 ta ɗauko darakta Ernst Lubitsch daga Jamus, suka yi Rosita, inda ta fito a matsayin mawaƙiyar titi a Sifaniya wadda sarki ke so. Masu sharhi sun yaba, amma ita ba ta ji daɗin aikin ba, fim ɗin manya da ta yi bayansa kuma bai samu irin karɓuwar da ta saba ba. A 1925, tana shekara 33, ta koma ta sa gajeren siket a Little Annie Rooney, kuɗi suka shigo. Darasin ya fito fili. Ta 'yantu daga Zukor, ta zama mai kamfani, amma akwai wani ubangida da ba a zama teburin ciniki da shi, wato mai sayen tikiti.

Mahaifiyarta ta rasu a watan Maris na 1928. Wata uku bayan haka ta yanke gashin.

Da murya ta zo

A watan Oktoban 1927 kamfanin Warner ya fitar da The Jazz Singer, wanda aka ji waƙa da 'yar magana a cikinsa. A ƙarshen wannan watan ne My Best Girl, fim ɗin Pickford na ƙarshe marar murya, ya fito. Cikin shekara biyu kacal, Hollywood ta juya baki ɗaya.

Ana yawan cewa taurarin wancan zamani sun faɗi ne saboda muryarsu ba ta da daɗi. Lamarin Pickford bai bi wannan hanya ba. Ta taso a dandamali, ta iya furuci. Fim ɗinta na farko mai magana, Coquette na 1929, ya yi kasuwa, ya kuma ba ta kyautar Oscar ta gwarzuwar jaruma, daga cibiyar da tana cikin mutum 36 da suka kafa ta a 1927. Matsalar ta fi murya zurfi. Na'urorin ɗaukar sauti na farko sun daskarar da fim: an kulle kyamara cikin akwati don kada a ji ƙararta, 'yan wasa sun taru kusa da makirufo ba sa iya sakewa. Fasahar da ta shafe shekara ashirin tana gogewa, ta magana da jiki, ta rasa fili. Sannan mace mai shekara kusan arba'in ba za ta iya yin muryar 'yar shekara goma sha biyu ba. Shiru ne ya rufa wa wannan wasa asiri. 'Yan kallo ba su karɓi babbar Pickford ba, ƙaramar kuma ba ta da hanyar dawowa. Matsin tattalin arzikin da ya fara a 1929 ya sauya ɗanɗanon jama'a, sababbin fuskoki suka cika allo. Duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya.

Kiki na 1931 ya faɗi. Secrets ya fito a watan Maris na 1933, a daidai lokacin da aka rufe bankunan Amurka saboda rikicin kuɗi, shi ma bai mayar da jari ba. Daga shi ba ta sake fitowa a fim ba. Ƙanenta Jack ya rasu a 1933, ƙanwarta Lottie a 1936, shekarar da aurenta da Fairbanks ya mutu. A 1937 ta auri Buddy Rogers, abokin wasanta a My Best Girl, suka zauna tare har ƙarshen rayuwarta.

Ba ta bar kasuwanci ba. Ta ci gaba da shirya fina-finan wasu, ta kasance cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar masu shirya fim masu zaman kansu a farkon shekarun 1940, wadda ta yaƙi danniyar manyan kamfanoni. A 1948 Kotun Ƙolin Amurka ta haramta dabarar nan ta tilasta sayen fina-finai a dunƙule, wadda Pickford ta yi wa tawaye tun 1916. A 1956 ta sayar da hannun jarinta na United Artists a kan dala miliyan 3. Bayan haka ta janye cikin Pickfair, giya ta kama ta kamar yadda ta kama wasu 'yan gidansu, ta daina ganin baƙi sai 'yan kaɗan. A 1976 aka kai mata Oscar ta girmamawa har gida. Ta rasu ranar 29 ga Mayu, 1979, tana shekara 87.

Abin da ya tsira

Akwai lokacin da ta yi niyyar a hallaka fina-finanta bayan mutuwarta, don tsoron kada sababbin 'yan kallo su mayar da ita abin dariya. Daga baya ta sauya shawara, ta miƙa da yawa daga cikinsu ga Laburaren Majalisar Dokokin Amurka.

Muhimmancin wannan shawara yana bayyana idan aka dubi abin da ya sami sauran. Ana buga fina-finan wancan zamani a kan leda mai sinadarin naitiret, wadda ke ruɓewa da kanta, kuma ke kamawa da wuta cikin sauƙi. Da murya ta zo, kamfanoni suka ɗauki tsofaffin fina-finai a matsayin tarkace. Wani bincike da laburaren ya wallafa a 2013 ya nuna cewa cikin dogayen fina-finai marasa murya kusan 11,000 da aka yi a Amurka, kashi 70 cikin ɗari sun ɓace gaba ɗaya. Akwai taurarin da suka cika gidajen silima a lokacinsu, yau sai 'yan hotuna suka rage daga aikinsu. Mafi yawan manyan fina-finan Pickford kuwa suna nan, kuma babban dalili shi ne nata ne. Ita ta biya kuɗin yin su, ita ta riƙe haƙƙin mallakarsu, ita ta adana su a rumbunta. Taurin kan da ta nuna a teburin Zukor shi ne ya ceci aikinta daga shara.

Rosita kuwa ta yi masa rowar wannan kulawa, domin ba ta son sa, ta bar shi ya lalace. Sai ga kwafinsa ya tsira a ma'ajiyar fina-finai ta Rasha. Gidan adana kayan fasahar zamani na New York ya gyara shi, aka haska shi a bikin fina-finai na Venice a 2017, shekara 94 bayan fitowarsa. Waɗanda suka kalle shi sun ga Mary Pickford a matsayin cikakkiyar mace mai wayo da barkwanci, irin jarumar da ta so zama tun 1923.